Sunan da Na Sa a Bakin Malam Sale

Ranar Larabar da ta wuce wasu ɗaliban jami'ar nan su uku suka faɗo shagona, ɗaya riƙe da waya yana ta dariya. A gabana ya ɗauki hoton abokinsa, ya ɗora masa muryar wani mai wa'azi, kafin in ƙarasa shan shayina hoton ya fara motsa baki. Ya miƙo min wayar ya ce, "Baba Ado, wai wannan ne aikin da kake shafe kwana uku a kansa? Ai minti biyu ne." Na karɓa na duba. Kunnen yaron na hagu ya narke cikin hularsa, haƙoransa kuwa sun fi ƙarfin bakin mutum ɗaya. Na mayar masa na ce Allah ya ƙara basira. Ban yi musu da su ba, amma tun da suka fita abin yake cina. Shi ya sa na zauna zan rubuta yadda sana'ar nan take, ko wani a cikinsu zai karanta kafin ya ɓata wa wani rayuwa da minti biyun nasa.

Ni ba da kwamfuta na fara ba. A shagon Malam Iro Mai Hoto na tashi, can kusa da gada, inda ƙamshin soyayyen kifi yake bin mu har ɗakin wankin hoto. Shekara biyu na yi ina shara da haɗa ruwan wanki kafin ya bar ni na taɓa kyamara. Aikin da ba na mantawa da shi na wani dillalin shanu ne da ya zo ranar Juma'a, ranar kasuwa. Yana da wani tabo a kumatu, kamar ƙaho ne ya taɓa yankarsa. Ni kuma lokacin hannuna ya fara faɗawa, ina ji da kaina, sai na ɗauki fensir na bi fim ɗin a hankali na shafe tabon tas. Hoton ya fito fes. Na kai wa Malam Iro ina jiran yabo. Ya duba ya sake dubawa, ya yaga shi gida biyu.

Ya ce, "Kai ka halicce shi?"

Na ce a'a.

"To mutum ya kawo maka fuskarsa, ka mayar masa da fuskarsa. Matarsa da wannan tabon ta san shi. Je ka sake."

Na sake, ina ƙunƙuni a zuci. Ina ganin tsoho ne kawai ba ya son ci gaba.

Fim ɗin kyamara ya mutu muna kallo. Waya ta shigo hannun kowa, har mai tallan rake ya zama mai hoto. Malam Iro ya rasu, na koma ɗaukar bidiyon biki da suna, shi ma yara suka cika shi. Ina cikin wannan lalube wani malamin jami'a ya zo ɗaukar hoton fasfo, muna hira ya nuna min abin da suke kira ƙirƙirarriyar basira. Ka ba na'ura hoton mutum guda ɗaya, ka ba ta muryarsa, ita kuma ta motsa masa baki da ido da kai, ya fito a bidiyo kamar shi ne zaune yana magana. Wata shida na yi ina zuwa ofishinsa bayan la'asar, da furfurata, ina zama kamar ɗan aji ɗaya. Ya yi haƙuri da ni, Allah ya saka masa.

Kayan aikina ba su da yawa. Kwamfuta guda, batirin sola saboda wutar garin nan sai ta ga dama, abin sawa a kunne, sai wani ƙaramin madubi mai tsage a gefe. Madubin nan shi yara suka fi yi wa dariya, kuma shi ne ya fi komai amfani. In na'ura ta motsa bakin mutum na ga abin bai kwanta min ba, sai in ɗauki madubi in faɗi kalmar da bakina, in ga inda leɓe yake zuwa, in koma in gyara da hannu. Sakan ɗaya na bidiyo hotuna ashirin da biyar ne a jere. Wani lokacin ɗaya bayan ɗaya nake bin su.

Aikina na farko na ƙungiyar manoman ƙauyen Ɗankaza ne. Shugabansu yana son ya yi wa mutanensa bayanin yadda ake feshin magani, amma da ya ga kyamara sai harshensa ya ɗaure. Ya yi maganarsa a waya a ɗakinsa, ya aiko min da ita da hotonsa. Na haɗa na kai musu ina taƙama. Ko minti ɗaya ba a yi ba aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Shugaba, yaushe ka sa haƙorin roba?" Mutumin da ya yi shekara hamsin yana cin goro, na'ura ta jera masa farare tas kamar na ɗan tallan man goge baki. Wani kuma ya ce ai shugaba ya zama Bature, duba yadda yake cije leɓe. Gaskiyarsa ce. Na'urar da bakin Turawa aka koyar da ita. In mutum zai ce fartanya ko fadama, sai ta ɗora masa haƙori a kan leɓen ƙasa, mu kuwa nan da leɓe biyu muke hura ta. Ba wanda ya ji bayanin feshi ranar. Na kwaso kayana na dawo na yi sati ina mayar wa bawan Allah jan haƙoransa.

Da haka na koyi sauran. Na'ura tana sa kowa ya zuba maka ido ƙur, alhali tsohuwar kirki ba ta kallon mutum haka, sai na sauke mata ido. Tana manne mayafi da kumatu, tana karkaɗa gemu kamar iska na kaɗa shi. In dattijo yana gaisuwa, yana bin gida da iyali da gajiya da aiki, ita ba ta san inda ake gyaɗa kai ba, sai ta yi ta gyaɗawa kamar ƙadangare. Duk wannan da hannu ake daidaita shi. Na ƙware har ya zama in na gama aiki, ɗan mai hoton ma sai ya ja numfashi kafin ya tuna hoto ne.

Daga nan masu kawo mamata suka fara zuwa. Wannan ya zo da tsohon kaset na kakarsa, waccan ta zo da saƙon murya na ƙarshe da mijinta ya turo mata daga hanya. Suna so su ga bakin yana motsi ko sau ɗaya. Na yi irin wannan da yawa, kuma ban ga laifinsa ba, tunda maganar mamacin ce da kansa, fuska kawai na mayar mata. Sai aka fito da wata sabuwar manhaja. Ita wannan in ka ba ta muryar mutum ta 'yan mintuna, sai ta koye ta, duk abin da ka rubuta ta faɗa da muryarsa. Na same ta, na gwada da muryata, na ji kaina ina faɗin abin da ban taɓa faɗa ba. Daɗi ya kama ni kamar yaron da aka saya wa keke.

A cikin wannan zumuɗin Maimuna ta zo. Mace ce 'yar ƙauyen Utai, ta haura arba'in, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar. Muka gaisa, na yi mata gaisuwar mahaifinta Malam Sale da bai daɗe da rasuwa ba. Ta kwance bakin zaninta ta ciro wata ƙaramar waya da hotonsa na katin zaɓe.

Ta ce, "Malam, an ce kana sa hoto ya yi magana. Magana ce ta Baba a nan ciki, so nake a haɗa ta da fuskarsa."

Na kunna. Murya ce ta mara lafiya, tana rawa, ga kukan kaji a bayanta, amma ana jin kowace kalma. Ya yi sallama, ya ce, "Sabo, kai da Ali, ku ji ni da kyau. Gonar fadama na ba wa yarinyar nan tun ina da lafiyata, shekara shida ke nan tana noma ta. Kyauta ce, ba ta cikin gado. Kada wanda ya taɓa mata ita."

Ta yi min bayani. Sabo da Ali ƙannenta ne maza. A fadamar nan take noman albasa da tumatir da rani, da ita take ciyar da marayunta. Mutumin da aka yi kyautar a gabansa ya riga Malam Sale rasuwa. Ƙannen ba su ƙi ba, ba su kuma yarda ba. Sabo ya ce a kai maganar gaban Baffa Hadi, ƙanin mahaifinsu, in Baffa ya ce maganar yayansa ce, shi ke nan an gama. Matsalar ita ce kunnen Baffa Hadi ya mutu. Ko ka yi masa ihu ba ya ji, bakin mutum yake kallo ya gane abin da ake faɗa. Murya a waya ba ta da amfani a wurinsa, sai ya ga baki.

Na ce mata ai ta zo inda ya dace. In baki ne, ba wanda ya kai ni a garin nan. Na tambaye ta su nawa ne mata a gidan, ta ce su uku ne, ita da Hauwa da Binta. Ta bar min wayar ta tafi, kwana huɗu wayar nan tana shagona.

Na zauna wa aikin nan kamar ba ni da wani. Na mayar wa Malam Sale giɓinsa na ƙasa, na rage masa ƙarfin ido, na sa kansa ya ɗan karkata yadda marasa lafiya suke yi. Sai a rana ta biyu wani tunani ya shigo min. 'Ya'ya mata uku, shi kuma ya ce yarinyar nan. Wace yarinyar? Gobe Sabo zai iya cewa Hauwa ake nufi, ko Binta. Na ga kamar tsoho ya bar ƙofa a buɗe, ni kuma ga ni da abin rufe ta. Akwai wasu saƙonninsa a wayar, na gaisuwa da tambayar jikoki. Na ba sabuwar manhajar ta koyi muryar, na cire yarinyar nan, na rubuta Maimuna. Ta faɗa da muryarsa, har da rawar. Yini guda na yi da madubi a kan sunan nan kaɗai, don leɓe ya haɗu sau biyu daidai inda ya kamata, yadda ko kurma zai karanta shi daga nesa.

Ban tambaye ta ko ita ce 'yar fari ba. Wannan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Ni ma ɗan fari ne. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, wannan yaron take cewa, ko ta ce kai. Da bakina na sha ba wa ɗalibai 'yan kudu labarin wannan kunya tamu ta ɗan fari. Amma ina zaune gaban kwamfuta, da sabon kayan aiki a hannu, ko kaɗan abin bai faɗo min ba.

Da Maimuna ta dawo na kunna mata. Tana kallo tana share ido, har aka zo wurin sunan. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta daɗe a haka. Can ta ce, "Malam, mayar baya in sake ji." Na mayar. Ba ta ce komai ba, ni kuma na ɗauka aikina ne ya yi kyau har ya ɗaure mata baki.

Ranar zaman ni na ɗauki kwamfutar na bi ta Utai, don fuskar waya ta yi wa idon Baffa ƙanƙanta. A zaurensa aka zauna bayan azahar, shi da liman da Sabo da Ali, Maimuna kuma tana tsugune daga bakin ƙofar cikin gida. Baffa Hadi ya sa tabarau ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Da Malam Sale ya yi sallama, tsohon ya amsa masa da ƙarfi. Ya ce, "Wallahi Yaya ne. Ga giɓinsa nan." Hawaye suna bin gemunsa, leɓensa yana bin na yayansa kalma bayan kalma. Na ga Sabo ya sunkuyar da kai. A raina na ce an gama.

Sai Baffa ya ɗaga hannu. Ya ce, "Mayar baya."

Na mayar. Ya kalla, ya ce in sake. A karo na uku ya cire tabarau ya ninke shi.

Ya ce, "Kashe abin nan. Yaya bai faɗi wannan ba."

Liman ya matsa gabansa yadda zai ga bakinsa, ya ce, "Baffa, ai yanzu ka ce shi ne."

"Fuskar tasa ce. Amma shekara arba'in da ɗaya ina tare da shi tun da aka haifi 'yar nan, ban taɓa ganin sunanta a bakinsa ba. Ranar suna ma da aka faɗe shi, tashi ya yi ya bar wurin. Hauwa da Binta yana kiransu da sunansu. Ita wannan, yarinyar nan yake cewa, kowa a gidan nan ya sani. Wa ya sa masa wannan a baki?"

Ashe kalmar da na cire ita ce shaidar. Duk wanda ya san Malam Sale, da ya ji yarinyar nan ya san mutum ɗaya ake nufi a duniya.

Na ce ni ne. Na rantse musu kalma ɗaya na canza, kuma ita ba ta sa ni ba. Na karɓi wayar na kunna musu ta asalin. Liman ya ji, Ali ya ji, Baffa kuwa yana kallon wayar kawai, don babu bakin da zai karanta. Na ce a ba ni kwana biyu in sake haɗawa da maganar gaskiyar. Sabo ya dube ni, ba da faɗa ba, ya ce, "Malam, kwana nawa wayar nan ta yi a shagonka?" Na ce huɗu. Ya ce, "To mutumin da ya iya sa Baba ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, ta yaya zan san wannan ɗin ma ba a wurinsa aka haɗa ba?" In ni ne shi, tambayar da zan yi ke nan.

Liman ya ce tunda shakka ta shiga, kuma babu wani mai shaida da rai, gona ta koma cikin gado. Aka raba. Fadamar ta faɗa rabon Sabo. Maimuna ta sami wani yanki a jigawa, inda in ba damina ba ko ciyawa ba ta fitowa.

Kafin Juma'a ta zagayo labari ya riga ni zuwa kasuwa. Wannan shekarar ita ce mafi muni da na gani a sana'a, har da shekarar da fim ya mutu. Aka sa wa shagona suna wurin tayar da matattu. Wani malami ya yi huɗuba a kan masu ƙaga wa mamata magana, bai kira suna ba, amma mutanen sahun gabana sai da suka waiwayo. Manoman Ɗankaza suka daina aiko da aiki. Wata mata da na taɓa haɗa mata bidiyon mijinta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, tsakaninka da Allah, duk abin da ya faɗa a ciki shi ya faɗa?" Na ce shi ne. Ta tafi, amma na ga ba ta tafi da natsuwar da take da ita a da ba. Waɗanda suka ci gaba da zuwa su ne waɗanda ba na so. Wannan yana son abokin hamayyar ubangidansa ya zagi mutanen gari, wancan yana son marigayi ya yi masa wasiyya. Sun ji an ce na iya. Na kore su, na goge manhajar muryar, na koma ɗaukar hoton fasfo. Akwai satin da in ban da masu neman canji ba wanda ya leƙo.

Bayan kaka, wata Juma'a da hantsi, sai ga Maimuna. Ta rame. Ta ajiye wani buhu a bakin shagon, na ga kan injin ban ruwa ya leƙo daga ciki. Kasuwa za ta kai shi, tunda jigawa ba ta da ruwan da zai ja. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, kowa yana kauce wa maganar. Daga ƙarshe na ce ta yafe min, ni na cuce ta.

Ta ce, "Ba kai kaɗai ba ne, Malam. Ranar da ka kunna min, na ji. Na san Baba ba zai faɗa ba, na kuma san Baffa zai gane."

Na ce, "To me ya hana ki ce in cire?"

Ta murza bakin mayafi. Ta ce, "Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana da muryarsa ba. Da na ji, sai na kasa."

Ta tambaya ko aikin yana nan. Na ce yana nan, da na ƙaryar da na gaskiyar. Ta ce in goge mai sunan a gabanta. Na goge tana kallo. Ta ce ita wayar tata ta faɗa ruwa, in sa mata ta asalin a wannan da ta aro, murya kawai, ba ta son fuskar. Na sa mata. Ta kara a kunne ta saurara har ƙarshe, da kukan kajin da komai.

Ta ce, "Yarinyar nan. Ashe duk shekarun nan kirana yake yi."

Ta ɗora buhun a ka ta nufi kasuwa.

Har yanzu ina aikin, jefi-jefi. Madubin yana nan. Duk wanda ya kawo min murya, abin da ke ciki shi nake mayar masa, da tarin da in-inar da inda maganar ta yanke. In ɗaliban nan sun dawo da wayarsu zan nuna musu yadda ake gyara kunne da haƙori, wannan a wata shida za su iya. Fadamar kuwa albasarta ta yi kyau bana. Ina ganin ta duk Juma'a, Sabo ne yake kawo ta, ta ƙofar shagona motar take wucewa.